Bagauda Da Tiga: Wurin Hutun Da Kano Ta Gina Wa Kanta, Sannan Ta Juya Masa Baya

Duk wanda ya saba fita daga Kano ta titin Zariya da sanyin safiya ya san daidai inda birnin yake sakin mutum. A Na'ibawa har yanzu ƙugin tireloli da kiran 'yan kamasho ne ke cika kunne. Sai an wuce Kura, gonakin shinkafa sun bayyana dama da hagu, iska ta sauya ƙamshi, sannan ƙirji yake buɗewa. Daga tsakiyar gari zuwa Bagauda da Tiga tafiyar kamar sa'a guda ce idan hanya ta yi kyau. Amma a tambayi mai shago a Kantin Kwari ko ma'aikaci a Sakatariyar Audu Baƙo yaushe rabonsa da wurin, galibi amsar ba ta wuce biyu: ko dai tun ziyarar da makaranta ta kai su suna yara, ko kuma bai taɓa zuwa ba, sunan kawai yake ji.

Abin da ya sa batun ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, yankin ba haka kawai ya tsiro ba. Da gangan aka tsara shi, fiye da shekara 50 da suka wuce, domin ya shayar da Kano, ya ciyar da ita, ya kuma zama inda mutanenta za su riƙa zuwa su huta, su yi tunani. Biyun farko sun tabbata gwargwadon hali. Na ukun ne ya sukurkuce, kuma asararsa ta fi taɓa wasu mutane da ba a cika tunawa da su ba idan ana maganar madatsun ruwa: marubuta, mawaƙa, masu shirya fim da masu zane, wato waɗanda jarinsu yake cikin kai.

Birni na ba da hatsi, amma ba ya ba da masussuka

Babu mai musun cewa Kano taska ce ga mai fasaha. Birnin da ƙiyasi ya nuna mazaunansa sun haura miliyan 4 ba ya rasa labari. Wanda ya zauna rabin yini a Kasuwar Kurmi, ko ya tsaya a bakin marinar Ƙofar Mata, ko ma ya shiga A Daidaita Sahu daga Bata zuwa Kabuga ya kasa kunne, zai koma gida da zancen da ya ishi littafi guda. Daga wannan taska ce adabin kasuwar Kano ya fito a shekarun 1980 da 1990, lokacin da marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka mayar da rikicin gida da soyayyar unguwa abin karantawa. Daga nan ne kuma fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a 1990, wanda ake lissafa shi a matsayin mafarin sana'ar da daga baya mujallar Tauraruwa ta raɗa wa suna Kannywood.

Sai dai aikin fasaha hawa biyu ne. Akwai tarawa, akwai kuma tacewa. Tarawa tana son hayaniya, cunkoso da gogayya da mutane. Tacewa kuwa tana son akasin haka: kwanaki a jere da mutum zai tashi ya tarar da tunanin da ya kwana da shi yana nan inda ya bar shi, ba wanda ya tattaka. A Kano wannan shi ne abu mafi tsada. Marubucin da ke koyarwa da safe, ya leƙa shago da yamma, ga ɗaurin aure ranar Juma'a, ga suna, ga ta'aziyya, ga wayar da ba ta yin shiru, ga wutar da ake ɗaukewa daidai lokacin da jimla ta fara zama, da wuya ya sami sa'a uku nasa na kansa. Zumunci ne, kuma ba abin ƙi ba ne. Amma littafin kirki ba ya rubutuwa a tsakanin sallama da sallama.

Tarihin adabin Hausa ma ya shaida haka. A 1936 aka ɗauko Abubakar Imam daga Makarantar Midil ta Katsina, inda yake koyarwa, aka kai shi Zariya wurin Rupert East na Hukumar Talifi. Aka sauke masa nauyin aji, aka ba shi masauki, aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Turawa da na ƙasashen Gabas, aka ce ya zauna ya rubuta. Cikin kimanin wata shida ya samar da Magana Jari Ce, juzu'i uku, wanda har gobe ake karantawa a makarantu. Basirar tasa ce, babu shakka, amma wata shidan nan wani ne ya biya kuɗinsu. Haka kuma tafiya ta haifar da nata littattafan: Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi bayan ziyarar da ya kai Ingila a 1943 tare da wasu editocin jaridun Afirka ta Yamma, Malam Aminu Kano kuma ya rubuta Motsi Ya Fi Zama kan tasa tafiyar. Mutum kan ga gidansu da kyau ne idan ya ɗan ja da baya.

Abin da Audu Baƙo ya hango

An ƙirƙiro Jihar Kano a watan Mayun 1967, aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo gwamnanta na farko, ya riƙe ta har zuwa juyin mulkin Yulin 1975. Abin da aka fi tunawa da shi a kansa shi ne ruwa. A zamaninsa aka gina madatsar Bagauda, wadda aka kammala wajen 1970, sannan aka shiga babban aikin, wato madatsar Tiga a kan Kogin Kano, daga 1971 zuwa 1974. Bangonta ya kai tsawon kilomita 6, tafkin da ta tara ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 178, kuma an tsara ta ne ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. An gama ta a daidai shekarun da fari ya gallabi ƙasashen Sahel, shanu suka mutu, mutane suka yi ta kwararowa kudu. Wanda ya ga wancan zamani ba ya buƙatar a yi masa bayanin amfanin dam.

Daga Tiga ne babbar magudanar ruwa ta miƙe ta shayar da aikin noman rani na Kogin Kano a Kadawa, Kura, Garun Malam da Bunkure. Tumatirin da ake lodawa a Kwanar Gafan zuwa Legas, da shinkafar Kura, da alkamar da ake nomawa da hunturu, duk 'ya'yan wannan ruwa ne. (Adalci ne a ambaci cewa mutanen Haɗeja da Nguru suna da nasu ƙorafin, domin tare ruwan a sama ya sauya yadda ambaliya ke shiga fadamunsu, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Wannan zance ne mai zaman kansa.)

Abin lura shi ne gwamnan bai tsaya ga noma ba. A bakin tafkin Bagauda aka gina otal mai ƙananan ɗakunan kwana a warwatse da zauren taro. A kan dutse a Tiga aka gina otal ɗin Rock Castle, inda mai zaune yake hango ruwa har inda ido ya ƙare. Can kudu kuma ga dajin Kogin Kano, wanda aka fi sani da Falgore, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, da Turawa suka keɓe tun zamanin mulkin mallaka, aka ɗaga shi ya zama gandun namun daji. Idan aka haɗa waɗannan da gidan ajiye namun daji da aka buɗe a cikin birni a farkon shekarun 1970, za a ga zare ɗaya ne: baƙo ya sauka a filin jirgin Kano, ya ga ganuwa da Kurmi da Dutsen Dala, sannan ya gangara kudu ya kwana a bakin ruwa, ya wuce daji. Ɗan gari ma ya sami inda zai kai iyalinsa.

Kuma tsarin ya yi aiki na wani lokaci. Otal ɗin Bagauda ya zama matattarar tarukan ƙasa. A watan Satumbar 1980, alal misali, Majalisar Binciken Ilimi ta Najeriya ta tara masana a can domin duba yawa da ingancin ilimi a ƙasar, kuma har yau ɗaliban fannin ilimi suna cin karo da rahoton da aka fi sani da sunan taron Bagauda. Daga baya cibiyar binciken amfanin gona ta duniya, ICRISAT, ta kafa gonar gwajin dawa a yankin. Mu da muka yi firamare a ƙarshen shekarun 1980 mun riski ƙarshen wannan zamani. Har yanzu ina tuna shirun da ya sauka a motar makarantarmu lokacin da tafkin Tiga ya bayyana, yara sama da talatin da ba su taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin unguwa ba. Wani a cikinmu ya rantse teku ne, kuma babu wanda ya iya ƙaryata shi.

Ƙasar da ke cike da labarin da ba a rubuta ba

Ko da babu otal ko ɗaya, yankin yana da abin da mai fasaha ke nema. A fara da sunan. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya sanya Bagauda ɗan Bawo a matsayin sarkin Kano na farko, daga 999 zuwa 1063. Akwai kuma tsohuwar waƙar nan da ake kira Waƙar Bagauda, wadda ta jero sarakunan Kano haɗe da wa'azi, Mervyn Hiskett ya buga ta da sharhi a Landan a 1964 da 1965. Ita ta nuna Bagauda a matsayin maharbin da ya fara sare dajin Kano, mutane suka biyo shi. Ruwayoyin biyu ba su zo daidai ba, kuma wannan saɓani shi kansa abinci ne ga marubuci. Yau idan aka ce Bagauda, matashi tafki yake tunawa ko makarantar lauyoyi, sarkin ya koma bayan fage.

Bebeji kuwa, wadda matafiyi ke wucewa bai ko waiwaya ba, tsohon zango ne a kan hanyar fatake tsakanin Kano da Zariya. Baturen nan ɗan yawon bincike, Hugh Clapperton, ya ratsa ta a 1826 a tafiyarsa ta biyu, ya kwatanta ta da gari mai ganuwa da kasuwanci, ya ƙiyasta mutanenta sun haura 20,000. A wannan gari aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa masu fataucin goro. Daga nan ya bi hanyar Gwanja har Ankara ta ƙasar Gana, ya koyi jigilar goro ta teku zuwa Legas, ya dawo ya rungumi cinikin gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, har ya zama attajirin da ake kwatance da shi a Afirka ta Yamma kafin rasuwarsa a 1955. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. Duk ɗan kasuwar Kano ya san sunan Ɗantata. Nawa ne suka taɓa zuwa ganin garin da aka yanke cibiyarsa?

A Bebeji ne kuma rundunar Kanar Morland, da ta taso daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903, ta fara gamuwa da turjiya. Mutanen garin suka rufe ƙofa, Turawa suka fasa ta da igwa, aka yi asarar rayuka, sannan rundunar ta wuce ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, Sarki Alu yana kan tafiyar Sakkwato. A ce wani gari ne a Indiya ko Turkiyya yake da irin wannan rana a tarihinsa, da tuni an yi mata fim mai dogon zango. Mu kuwa fina-finanmu sun fi yawa a falo, tsakanin kujeru uku da labule, ana jayayya kan kishiya. Masu shirya fim za su ce kuɗi ne babu, kuma suna da gaskiya. Amma wani ɓangare na matsalar shi ne marubucin labarin bai taɓa kwana a Bebeji ba.

Idan aka ƙara gangarawa ta Tudun Wada zuwa Doguwa, ƙasar takan sauya kama gaba ɗaya. Shimfiɗaɗɗen filin Kano ya ƙare, duwatsu su fara, itatuwa su yi kauri, sanyi ya ƙaru. Riruwai tsohon garin haƙar kuza ne, mai tuddai da magangarar ruwa, wanda baƙo zai ɗauka yana Filato ne. Leburorin da suka taru a can daga sassa daban-daban a zamanin kuza, da abin da ya sami garin bayan kasuwar ta mutu, labari ne da ke jiran mai ɗauka.

Yadda aka yi sake

Ba rana ɗaya abin ya lalace ba. Kuɗin man fetur da suka ɗauki nauyin irin waɗannan gine-gine sun ja baya tun farkon shekarun 1980, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 kuma ya karya ƙarfin ma'aikacin gwamnati, wanda shi ne ainihin mai zuwa hutun ƙarshen mako. Albashin da bai kai ƙarshen wata ba ba ya kai iyali Tiga. Otal ɗin gwamnati kuma, a ko'ina a Najeriya, yana da cuta guda: manyan baƙinsa hukumomi ne da ke kwana bashi, gyaransa kuma sai an jira kasafin kuɗi.

Sannan a watan Agustan 1988, bayan mamakon ruwan sama, madatsar Bagauda ta ɓalle. Ruwa ya ci gonaki da gidaje, ya yanke hanya, aka rasa rayuka. An sake gina ta, amma otal ɗin da tafki ne adonsa bai koma yadda yake ba. Bayan dawowar mulkin farar hula aka mayar da harabarsa reshen Kano na Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya. A ganina wannan ba asara ba ce tsantsa. Gine-ginen sun tsira daga zama kufai, kuma duk shekara ɗaruruwan matasa daga kowace kusurwa ta ƙasar nan suna zama a Bagauda na tsawon watanni, da yawansu karon farko ke nan da suka taka Arewa. Sai dai ƙofar da a da take buɗe ga kowa ta zama ta ɗalibai da malamansu.

Falgore kuma ta sha nata. Farauta ba bisa ƙa'ida ba, saran itace da kiwo sun rage namun dajin, daga baya ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka mayar da wasu sassansa maɓoya, har direbobin hanyar Jos suka riƙa lissafin lokacin da za su ratsa shi. A 2017 rundunar sojan ƙasa ta mayar da wani ɓangare na dajin filin atisaye. Matakin ya taimaka wa matafiya, amma ya nuna nisan da aka yi daga mafarkin farko: wurin da aka tanada domin mai kyamara ya koma hannun mai bindiga.

Rigimar Kofa

An taɓa yin wani yunƙuri da ya kusa mayar da yankin cibiyar fasaha da gaske. A tsakiyar 2016 Hukumar Fina-finai ta Najeriya ta bayyana shirin gina alƙaryar shirya fina-finai a garin Kofa da ke Ƙaramar Hukumar Bebeji, a kan fili mai hekta 20, da kuɗin da aka ƙiyasta Naira biliyan 3. Shirin ya ƙunshi wurin horaswa, zauren ɗaukar hoto da sauti, masaukin ɗalibai, otal da shaguna. Kafin a aza tubali, malamai da dama suka hau mumbari suka yi tir da shi, suna cewa zai zama matattarar baɗala. Kafofin sada zumunta suka ɗauka. Wasu kuma suka kawo hujjar tattalin arziki: a shekarar da ƙasa ta shiga matsi, me ya sa ba za a zuba kuɗin a noman rani ko asibiti ba? Cikin 'yan kwanaki Gwamnatin Tarayya ta janye, mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin majalisa a lokacin, Abdurrahman Kawu Sumaila, ya sanar da cewa an saurari koken jama'a.

Shekaru sun shuɗe, ana iya duban lamarin da sanyin zuciya. Damuwar malaman ba daga sama ta faɗo ba. Masana'antar ta sha shiga abin kunya, musamman a 2007, kuma iyaye da yawa suna ɗauke da wannan tabo. Kuskuren masu shirin shi ne sun sauko da shi daga Abuja a naɗe, ba su fara zama da malamai, masu unguwanni da iyayen yankin ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma janyewar ba ta hana yin fim ba ko na kwana ɗaya. Abin da ta hana shi ne yin sa a wuri guda mai ƙofa da mai gadi da ƙa'ida, inda Hukumar Tace Fina-finai, wadda jihar ta kafa tun 2001, za ta iya sa ido cikin sauƙi. Aka ci gaba da yi a gidajen haya da otal-otal na cikin gari. Kafintan Bebeji da mai abincin Kofa da telan Kiru, waɗanda da su ne za su fara cin moriyar, ba a ji ta bakinsu ba a duk tsawon muhawarar.

Wanda yake son ganin abin da ake nufi ya dubi Warzazat a ƙasar Maroko, ƙasar Musulmi, garin da ke bakin hamada. Tun da aka buɗe sutudiyon Atlas a can a 1983, manyan kamfanonin duniya ke zuwa ɗaukar fim, ciki har da wasu sassa na Gladiator. Mafi yawan masu samun abinci daga harkar ba 'yan wasa ba ne: magina ne, masu dawaki da raƙuma, maɗinka, direbobi da masu masauki.

Abin da ba ya buƙatar biliyan

Amma ba lallai sai an fara da babba ba, kuma a nan ne nake ganin 'yan kasuwarmu suna da rawar takawa. A garin Iseyin na Jihar Oyo, marubuci kuma likita Wale Okediran ya buɗe gidan zaman marubuta na Ebedi a 2010. Gida ne kawai mai 'yan ɗakuna. Marubuci ya nema, idan an ɗauke shi ya zauna makonni kyauta ya ƙarasa littafinsa, abin da ake nema a wurinsa shi ne ya ware 'yan sa'o'i yana koyar da ɗaliban sakandaren garin. Marubuta daga ƙasashen Afirka da dama sun zauna a can. A Abuja kuma Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya tana da alƙaryarta a Mpape, a kan filin da Mamman Vatsa ya ba ta a 1985 yana ministan birnin.

Kano, wadda ta fi kowane gari fitar da littattafan Hausa, ita ce ta fi cancanta da irin wannan gida, kuma bakin tafkin Tiga ya fi ko'ina dacewa. Abin da ake buƙata bai wuce ɗakuna huɗu ko biyar ba, da rijiyar burtsatse, da wutar sola, da mai dafa abinci, da ɗan ɗakin karatu, da masallaci. Sashen mata daban, yadda marubuciya za ta zo da muharraminta ko da ɗanta na goye ba tare da an yi mata surutu ba, tunda mata su ne ƙashin bayan rubutun ƙagaggun labarai a Kano. Kuɗin da wannan zai ci a shekara bai kai abin da wasu ke kashewa a bikin aure ɗaya ba. Al'adar waƙafi ba baƙuwa ba ce a garin nan: attajiranmu sun gina masallatai, makarantun Islamiyya da ɗakunan asibiti. Abin da ba a saba ba shi ne ɗaukar rubutu a matsayin abin da ya cancanci waƙafi, alhali malamin da ke son kammala sharhin wani littafin fiƙihu yana buƙatar shirun nan kamar yadda mai rubuta labari yake buƙata.

Gwamnati kuma nata aikin a bayyane yake, kuma ba gina sabon otal ba ne. Hanya ce mai kyau, da tsaro, da alamun da za su nuna wa baƙo inda ya nufa, da barin masu jari su gudanar da masauki bisa yarjejeniyar da kowa zai iya karantawa. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taƙama da su. Baƙon da ya zo kallon hawa yana da kwana biyu ko uku da bai san yadda zai yi da su ba bayan an sauka daga dawaki. A halin yanzu jirgi yake bi ya koma.

Ga mai niyyar zuwa da kansa, lokacin da ya fi daɗi shi ne daga ƙarshen damina zuwa farkon hunturu, tafki a cike, ƙasa kore, hazo bai sauko ba. A tafi da sassafe, a ɗauki abinci da ruwan sha, a nemi izinin ma'aikatan madatsar kafin a hau bango ko a ɗauki hoto, kada kuma a bar yara su shiga ruwa ko a hau kwalekwale ba rigar kariya. Masunta na fitowa da kifi da hantsi, kuma ciniki a bakin ruwa ya fi na Kasuwar Galadima sauƙi. Wanda zai zarce Falgore ko Riruwai ya fara tambayar mutanen gari halin da hanya take ciki a makon, ya kuma tabbata ya juyo da rana a sama.

Mai sha'awar rubutu kuwa ya tafi da littafi da biro, ko ya buɗe rikodar wayarsa, ya nemi dattawan ƙauyukan da ke kewaye da tafkin. Akwai waɗanda aka tasa daga garuruwansu lokacin da ruwa ya taso, suna iya nuna maka da yatsa daidai inda gidan mahaifinsu da kukar ƙofar gidan suke a ƙarƙashin ruwa. Akwai kuma waɗanda suka yi aikin ginin da hannunsu. Saurayin da ya shiga leburanci a Tiga a 1971 yana ɗan shekara 20, yau ya haura 70.